Kwanon da Ba a San Mai Shi Ba

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Firij ya cika, tebur ya cika, har baranda na jera wasu, tunda sanyin waje ya fi na firij. Gashin dankali da niƙaƙƙen nama, shinkafar tafki da kaza, taliya da cuku, da wani da ban gane kansa ba, na dai ga masara a ciki. Mutanen layinmu ke nan. Ba mai tsayawa ya yi maka gaisuwa mai tsawo, sai dai ka buɗe ƙofa ka tarar da kwano a kan matakala da zafinsa, mai shi kuwa har ta kai kwanar layi tana sauri kamar ta yi sata. A gindin kowanne an manna ɗan salatif da sunan mai shi, don in an cinye a san inda za a mayar.

Gordy ne kawai yake ci da gaske. Yayana ne, shekararsa arba'in da huɗu, yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita mai jinkirta koyo, kuma bai taɓa yarda in manta cewa shi ne babba ba. Ɗazu ya tsaya a kaina ya ce, "Auta, ci. In ba ki ci ba zan faɗa wa..." Sai ya kalli kujerar Mama. Tabaraunta yana nan a kan hannun kujerar, ba wanda ya taɓa.

Fasto ya ce ƙasa ta daskare, ba a iya haƙa kabari sai Mayu. Na ce to.

Talata, 4 ga Maris, da safe

Gordy ya zuba gishiri a matakalar baya don ya narkar da ƙanƙara, ya shigo, ya cire takalmi, ya sake sawa, ya koma ya ƙara zubawa.

Alhamis, 6 ga Maris, da yamma

Mai gidan hayarmu ya kira. Ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe dai ya ce zai sayar da gidan, mu tashi kafin ƙarshen Mayu. Ban yi masa faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ni da nake tuƙa bas a birnin Minneapolis, nake yi wa masu tasi ihu tun safe har yamma.

Kawu Vern, ƙanen Mama, ya zo da hularsa a hannu da shawararsa a baki. Wai ya samo wa Gordy gurbi a wani gidan kulawa can kudu, tafiyar awa uku daga nan. Maza shida a gida ɗaya, ana dafa musu, ana kashe fitila lokaci ɗaya.

Na ce, "Kawu, aikinsa fa? Shekara goma sha tara yana shagon cefane."

Ya ce, "Aikin tura amalanke? Haba Renae. Ke kina can birni, ni ga gwiwa ta lalace. Wa zai duba shi? Yaron da ko gishiri..."

Na ajiye kofina da ƙarfi har kofi ya fantsama. Bai ƙarasa ba. Gordy yana tsaye a bakin ƙofar kicin, na san ya ji. Ya ce, "Kawu, ni ba yaro ba ne. Ina da furfura, zo ka gani." Ya sunkuyar masa da kai. Da wata rana ce da na yi dariya.

Litinin, 10 ga Maris, bayan azahar

Yau na ji abin da ban sani ba a kan ɗan'uwana.

Malama Pakou Vang ta zo, jami'ar da ke kula da lamarin Gordy a ofishin walwala. 'Yar ƙarama ce, tana magana a hankali, amma ba ta barin zance ya kauce. Ta ce min, "Kin san ƙaramin gidan nan mai ruwan ɗorawa, bayan na Inna Marlys?" Na san shi mana. Gidanmu, sai na Marlys Prebich, sai shi. Ashe na ƙungiyar gidaje ta gari ne yanzu. Su ke riƙe da filin, su sayar da ginin da sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Tallafin haya da gwamnati ke bai wa irin su Gordy kuwa ana iya juya shi ya riƙa biyan rancen gida. Ashe shekara biyu ke nan Gordy yana zuwa ajin masu son sayen gida, ya gama, sunansa yana kan layi. Mama ce take cewa ba yanzu ba, ba yanzu ba.

Na juya na kalle shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ba ki tambaye ni ba."

Sharaɗi ɗaya ya rage. Kwamitin ƙungiyar zai zauna ranar Laraba, tara ga Afrilu, kuma suna son ganin mutanen da za su tsaya masa. Ba 'yan'uwan da ke nesa ba, mutanen kusa, kowa ya zo da ƙafarsa ya faɗi abin da zai ɗauka: wane zai duba injin ɗumama gida, wane zai raka shi asibiti, wane zai zauna da shi a kan takardu. In babu su, gidan ya wuce ga na gaba a layi, Gordy kuma sai kudu.

Ta ce, "Su wa kuke da su?"

Na ce, "Ni." Ta jira. Na ce, "Ni dai."

Mu 'yan gidan Koskela ba ma roƙo. Babanmu ya taɓa tafiya a ƙafa daga mahaƙar ma'adinai har gida da karyayyen yatsa don kada ya ce wa wani ya rage masa hanya. Mama ta yi renon Gordy ita kaɗai, ko sau ɗaya ban ji ta ce wa maƙwabciya riƙe min shi in je kasuwa ba. Yanzu ni ce zan bi gida-gida ina cewa ku ɗauki yayana?

Laraba, 12 ga Maris, da hantsi

Na yi abin kunya. Na gaji da ganin kwanukan nan, na tattara su na loda a injin wanke-wanke zubi bayan zubi, na sa ruwa mafi zafi. Da na buɗe sai ga salatif duk sun ɓanɓare, sun dunƙule a ƙasan injin kamar jiƙaƙƙen burodi, tawada ta wanke tas. Duk wadda ta girma a garin nan ta san da hannu ake wanke kwanon maƙwabta. Ni ma na sani. Birni ya ɓata ni.

Ga kwanuka fal tebur suna ƙyalli, ban san na wa da na wa ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi a coci ba.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Gordy ya dawo daga aiki da buhun ayabar da ta yi baƙi, wadda shago ke zubarwa. Abu ɗaya ya iya gasawa a duniya, burodin ayaba, kuma ya iya shi sosai.

Na ce, "Yaya, me za ka yi da wannan duka?"

Ya ce, "Ba a mayar da kwano wayam. Mama ta ce."

"To wa za ka mayar wa? Ba suna."

Ya kalle ni kamar ni ce mai wuyar fahimta. "Sai in tambaya mana."

Ya fito da tsohon keken jan kaya na yara daga gareji, ya jera kwanuka a ciki, kowanne da yankan burodi, ya rufe da bargo. Na ce ya bari, za a gane abin da na yi, jibi a coci a yi ta kallona. Ya ce, "To ai ke kika yi." Ya ja kekensa ya fita, ƙafafun suna ƙara a kan ƙanƙara.

Litinin, 17 ga Maris, da magariba

Gordy ya fita da keke cike da kwanuka, ya dawo bayan awa uku, biyu kacal ya mayar wa masu su. Kowane gida sai an shigar da shi, an ba shi kofi, an ɗaga kwano ɗaya bayan ɗaya ana cewa a'a, wannan kamar na Doris ne. Gida yana ta warin ayaba.

Alhamis, 20 ga Maris, da safe

Na ɗaura niyya yau zan fara roƙo. Na tarar da Baba Arvid Lahti yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa. Shi ne ya yi shekaru yana gyaran injin ɗumama gidajen rabin garin nan kafin ya yi ritaya. Na tsaya.

Na ce, "Sanyi bai saki ba."

Ya ce, "Bai saki ba."

Na ce, "An ce mako mai zuwa zai yi sauƙi."

Ya ce, "Haka suke cewa." Ya jingina da shebur. "In akwai abin da kuke buƙata..."

Na ce, "A'a, babu komai, mun gode."

Na ji bakina yana faɗa, na kasa tsayar da shi. Shi ma ya gyaɗa kai, don ya san amsar ke nan tun kafin ya tambaya. Na dawo gida ina zagin kaina da zagin duk wanda ya haife mu a garin nan.

Talata, 25 ga Maris

Gordy da matakalar baya kuma. Gishirin ya ƙare, ya sayo wani buhu.

Juma'a, 28 ga Maris, bayan azahar



Na shiga kantin magani, sai Doris Zupan mai riƙe da kuɗin coci ta tare ni tsakanin kanta biyu. Ta ce, "Renae, ranar Larabar nan ƙarfe biyu ne ko uku? Gordy ya ce biyu, Arvid ya ce uku."

Na ce, "Wace Laraba?"

Ta ce, "Ta gidan mana. Ni takardu ya ba ni. Ya ce tunda na iya ƙirga kuɗin Allah, zan iya ƙirga nasa."

Kamar ƙasa ta tsage in shiga. Ashe duk gidan da ya shiga da kekensa, in an gama duba kwanuka, sai ya ce, "Zan sayi gida. Ina son mutane. Me ka iya?" Haka kawai, ba kwana-kwana. Ya faɗa musu har maganar gidan kulawa, har kukan da na yi a ƙasan kicin.

Ina shiga gida na hau shi da faɗa. Na ce ya tona mana asiri, ya mai da mu maroƙa, mutane sun amsa ne don sun ji kunyar ce masa a'a, kuma ranar Laraba kowa zai sami ciwon kai. Na ce Mama da tana nan ba za ta yarda ba.

Ya daɗe yana murza gefen rigarsa. Sannan ya ce, "Mama ba ta yarda da komai ba, Auta. Ina sonta. Amma ba ta yarda ba." Ya ɗago. "Ke za ki koma bas ɗinki. Ni ne zan zauna. Ni ne babba."

Ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa a hankali. Da ya buga ta da ƙarfi da ya fi min sauƙi.

Litinin, 31 ga Maris, da safe

Gordy ba ya yi min magana, amma ya ajiye min yankan burodi a kan tebur. Na ƙoshi da ayaba har wuya. Na cinye.

Shugabana a wurin aiki ya kira, hutuna ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

Kwano ɗaya ya rage. Na tangaran ne, mai shuɗin baki, da ɗan tsagu a kunne ɗaya. Ya zagaya layinmu da layin baya a keke, kowa ya ce ba nasa ba. Ina kallonsa ina jin kamar na san shi a wani wuri.

Gida ɗaya ne Gordy bai shiga ba, na Inna Marlys. In ya zo daidai ƙofarta sai ya tsallaka titi, ya wuce, ya sake tsallakowa. Ban yi mamaki ba. Shekara goma sha biyu ita da Mama ba sa ga maciji, katanga ɗaya tsakaninsu. Ban taɓa sanin dalili ba. In na tambaya sai Mama ta ce, "Matar nan bakinta ya fi ƙarfinta."

Malama Pakou ta kira. Ta ji daɗin sunayen da Gordy ya kai mata, amma ta ce kwamiti ba zai rasa tambaya ɗaya ba: in wani abu ya faru farat ɗaya, wa ya fi kusa, wa zai ji bugun ƙofa? Ta kuma ce Kawu Vern ya nemi a ba shi dama ya yi magana a zaman.

Wa ya fi kusa da gida mai ruwan ɗorawa? Marlys. Sai na ji dariya ta kama ni, irin wadda ba daɗi a cikinta.

Talata, 8 ga Afrilu, da la'asar

Yau Gordy bai zuba gishiri ba, babu sauran ƙanƙara a matakalar, ruwa ne kawai yake ɗiga daga rufi. Ya tsaya da buhun a hannu ya rasa yadda zai yi da shi.

Da rana ya gasa burodi guda cikakke, ya sa a kwano mai shuɗin baki. Bai ɗauki keke ba, a hannu ya riƙe. Na bi shi da ido ta tagar kicin. Ya je bakin matakalar Marlys ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, kafaɗunsa suna motsi, na san kuka yake. Na kai hannu ga rigar sanyina zan fita, sai na ajiye. Wallahi ban taɓa yin abu mai wuya kamar ajiye rigar nan ba.

Ƙofa ta buɗe kafin ya buga. Tsohuwar ta fito da silifas, ta kama hannunsa ta ja shi ciki.

Ya dawo ba kwano, idonsa ja. Na ce, "Yaya, nata ne?" Ya ce, "Ta karɓa." Na ce, "Za ta zo gobe?" Ya ce, "Ban tambaye ta ba. Na manta."

Allah, ka ga dai halin da muke ciki.

Laraba, 9 ga Afrilu, da magariba

Bari in rubuta shi tun yana da zafi.

Zaman a ɗakin ƙasa na laburare aka yi. 'Yan kwamiti uku a bayan dogon tebur, shugabarsu wata mai gajeren gashi fari da biro a bayan kunne. An jera kujeru kaɗan. Gordy ya sa kwat ɗin da ya sa a coci, ya taje kansa da ruwa. Biyu saura kwata daga ni sai shi sai Malama Pakou sai Kawu Vern a gefe da hularsa a gwiwa. Na ce a raina, na faɗa masa.

Sai na ji takalma a matakala. Baba Arvid ne, da rigarsa ta zuwa coci. Bayansa Doris. Bayanta manajan shagon cefane, da rigar aiki. Sai ma'aikaciyar jinyar nan da ta tare a layin baya bara, wadda ko sunanta ban sani ba. Sai wasu, sai wasu. Aka shiga ɗauko kujeru daga ɗakin karatun yara, manya-manyan mutane suka zauna a kan ƙananan kujeru ja da kore, gwiwa har ƙirji. Ba mai kallon wani. Kowa ya zuba wa silin ido kamar an kama shi da laifi.

Shugabar ta tambayi Gordy me ya sa yake son gida. Na buɗe baki zan amsa, Malama Pakou ta taka min ƙafa. Ya ce, "Ina son in kashe fitila lokacin da na ga dama. Kuma ina son kare. Ƙarami." Aka yi dariya. Ta tambaye shi abin da zai yi in ya ji warin gas. Ya ce zai fita waje tukuna, sannan ya yi waya, ba a ciki ba.

Aka bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Baba Arvid ya ce, "Injin ɗumama nawa ne, da famfo. Na riga na leƙa, injin tsoho ne amma ya fi ni lafiya." Shugabar ta ce me ya sa ya yarda. Ya sosa ƙeya. "To, an tambaye ni. Shekara talatin ina jiran wani a gidan nan ya tambaye ni wani abu." Bai kalle ni ba. Gara ma da bai kalla ba.

Sai Kawu Vern ya miƙe. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ya ce yana son yaron, amma kowa a ɗakin nan ya san abin da ya faru a matakalar baya a watan Fabrairu. Aiki ɗaya aka ba shi a gidan, zuba gishiri. In ya manta da wannan, me zai manta in yana shi kaɗai? Kuma wa zai ji shi?

Gordy ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Vern, zauna, ka isa haka."

Daga baya muryar ta fito. Ban ga shigowarta ba. Inna Marlys ce a bakin ƙofa, da sanda da jakarta a hannu. Ba ta nemi izini ba.

Ta ce, "Ya zuba. Tagar kicin ɗina tana kallon matakalar nan, kullum ina ganinsa, ranar ma na gan shi. Bayan ya zuba ne aka yi ruwan nan mai daskarewa, wanda ko motar gwamnati sai da ta zame a kan titi. Da uwarsa ta faɗi, shi ya kira motar asibiti. Bai ɗaga ta ba, don an koya masa ba a ɗagawa. Ya cire rigarsa ya lulluɓe ta, ya zo ya buga min ƙofa da safa a ƙafa a cikin ƙanƙara. Ƙofar da aka hana shi shekara goma sha biyu ke nan. Ni da nake da hankalina cikakke sai ihu nake, shi yake ce min in kawo bargo." Ta juya ga tebur. "Kuna tambayar wa zai ji shi. Ni na ji shi. Kunnena ɗaya ya mutu, amma ɗayan ta wajen gidan nan yake."

Gordy ya ɗago. Ya ce, "Na zuba?"

Ta ce, "Ka zuba, ɗana. Har ya yi yawa, kamar kullum."

Ashe bai tabbata ba. Duk makonnin nan yana zuba gishiri a kan gishiri, ni ina gida ɗaya da shi ban tambaye shi ba, ban bar shi ya faɗa ba. Kawu Vern ya zauna, ya rufe fuskarsa da hula. Ni kuwa ban san lokacin da na kama hannun yayana ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

SUN YARDA! Malama Pakou ta kira, Gordy ya amsa, ya ce "To, na gode," ya ajiye waya kamar wani alƙali, sannan ya zagaya tebur da gudu yana ihu har kofuna suna rawa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Na koma aiki, ina zuwa ƙarshen mako. Banki na ta jan ƙafa, Doris na ta jan kunnen banki. Kawu Vern ya zo da motarsa ta ɗaukar kaya ba wanda ya kira shi, ya ce wai hanya ce ta biyo da shi. Gordy ya ce, "Kawu, me ka iya?" Ya ce, "Fenti." An ba shi fenti.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar

Ƙasa ta saki. Mun binne Mama yau.

Mama ta rasu. Ga shi na rubuta.

Juma'a, 16 ga Mayu, da la'asar

Gordy ya sa hannu a takardun gidan da kansa, harafi bayan harafi, harshe a waje, bai bar kowa ya gaggauta shi ba. Da aka miƙa masa makulli ya sa a igiya ya rataya a wuya.

Mun taka daga tsohon gida zuwa sabo, gida ɗaya ne tsakani. Ya buɗe, na ɗaga ƙafa zan shiga, sai ya tare ƙofa da hannu.

"Auta, ba ki buga ba."

Na koma baya na buga. Ya rufe, ya bar ni a tsaye, sannan ya ce daga ciki, "Wane ne?"

Na ce, "Ƙanwarka ce, ɗan rainin hankali."

Ya buɗe yana dariya. "Shigo. Cire takalmi, gidana ne."

Ba komai a kicin sai tebur da kujerar Mama da muka kawo jiya. Muna tsaye muna jin warin fentin Kawu, sai na hango Inna Marlys ta taga tana ajiye wani abu a kan matakala, tana shirin sulalewa. Gordy ya riga ta, ya buɗe ƙofa. Kwano mai shuɗin baki ne, cike da shinkafar tafki da kaza, yana tururi.

Ya ce, "Inna, ai na mayar miki da shi."

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Na uwarka ne. Ta kawo min abinci a ciki lokacin da mijina yake kwance. Ranar da na zo mayarwa na ce mata, Helmi, saki yaron nan ya yi gidansa, ba za ki dawwama ba. Ta rufe min ƙofa da kwanon a hannuna." Ta gyara riƙon sandarta. "Da na kawo muku shi a Fabrairu ban sa masa suna ba. Ina zan sa sunana a kan abin da ba nawa ba? Yanzu dai ya sami mai shi."

Ta juya ta tafi, ba ta yarda ta shigo ba, wai ta bar abu a kan wuta.

Gordy ya ɗaga kwanon sama da tsumma, ya leƙa gindinsa. Sabon salatif ne a manne, da rubutun tsohuwa mai karkata. Ya karanta da ƙarfi, a hankali: sunansa, da lambar gidansa.

Ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya gyara masa zama. Ni na juya ina kallon bango, don idona ya cika. Sai na ji ya taɓa kafaɗata.

"Auta," ya ce, "in mun cinye, ni zan wanke. Ke kada ki taɓa shi."